Kamfani ya ce kayansa ba sa cutar da muhalli ko ma'aikata, ta yaya zan tabbatar?

Maman 'Yan Biyu, Kaduna

Assalamu alaikum. Ina sayar da kayan yara ta Instagram da WhatsApp, yawanci na Turkiyya. Wani kamfani a Istanbul ya yi min tayin in zama wakiliyarsu a Kaduna da Abuja. Kayansu sun fi waɗanda na saba sarowa tsada sosai, hujjarsu kuwa wai audugarsu ba a yi mata feshi ba, rininsu ba ya cutar da fata, kuma suna kyautata wa ma'aikata. Kowace riga da ɗan koren kati a rataye da hoton ganye. Iyayen da yaransu ke fama da ƙaiƙayin fata su ne za su fi saye, ni kuma ina tsoron in faɗa wa uwa abin da ban tabbatar ba, haƙƙi ne. Daga nan inda nake zaune, akwai hanyar bincike?

Bakanuwa a Lesta

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Aikina ke nan a Ingila, duba takardun masaƙu kafin a ba su oda, don haka bari in ɗan ja zancen.

Ki ajiye koren katin nan gefe, ko mai buga katin biki zai buga miki irinsa. Abin da za ki nema shi ne lambar takardar shaida da sunan hukumar da ta bayar. Maganar tasu tana iya zama gaskiya, domin Turkiyya na cikin ƙasashen da suka fi noma irin wannan auduga, musamman wajen Izmir. Idan haka ne, za su kasance da shaidar GOTS, wato shaidar ƙasa da ƙasa da ake ba kayan da aka yi da irin wannan auduga. Ƙa'idarta ita ce sai kashi 95 cikin ɗari na zaren ya zama na wannan auduga kafin a ba kaya cikakken tambari, daga kashi 70 kuma sai dai a rubuta cewa an haɗa da ita. Tana duba sinadaran rini, da ko ana tace ruwan marina kafin a sake shi, da yanayin ma'aikata. Suna da shafi a intanet da kowa zai iya shiga kyauta ya rubuta lambar ya ga sunan mai ita da ranar ƙarewarta.

Ga inda ake yi wa mutane wayo. Ki ce a turo takarda, a turo miki mai kyau da hatimi, amma idan kika karanta sunan da ke sama sai ki ga na masu kaɗa zare ne. Zaren ya wuce wurin masu saƙa, ya wuce marina, ya wuce teloli, duk babu wanda aka duba. Shi ya sa ake neman takarda ta biyu, wadda ake bayarwa a kan kowane kaya da aka ɗora, mai ɗauke da sunan mai saye da nauyin kayan. In suka fara kame-kame a kanta, kin samu amsa.

Batun fatar yara kuwa wata shaidar ce daban, OEKO-TEX Standard 100. Ita kayan da aka gama ake kaiwa ɗakin gwaji a nemi sinadarai masu cutarwa, kuma rukuni na 1, na jarirai zuwa shekara 3, shi ya fi tsauri. Ita ma ana duba lambarta a shafinsu. Sai dai ki sani ba ta ce komai a kan albashin wanda ya ɗinka ba, ko kogin da aka zuba ruwan rinin. Idan kuma kika ga tambarin Better Cotton, wani shirin inganta noman auduga, a tsarin da aka fi bi ana gauraya audugar da sauran a hanya, don haka ba lallai ne akwai ko zare ɗaya nata a rigar da ke hannunki ba.

Sannan ki juya rigar ki karanta ƙyallen da ke ɗinke a ciki. Sau da yawa katin waje na ta kirarin auduga, na ciki kuma ya nuna kusan rabi foliyesta ce, wato roba daga man fetur. Ko sun ce wadda aka sake sarrafawa ce, galibi gorunan ruwa aka narka, kuma duk wanki tana zubar da ɓurɓushin roba a ruwa.

Kada ki ga kamar ƙananan kamfanoni ne kawai ke zuzuta kaya. A 2022 hukumar kare masu saye ta Holan ta matsa wa manyan kamfanonin tufafi H&M da Decathlon a kan kalmomin da suke sa wa kaya ba tare da bayani ba, har suka yarda za su gyara, H&M ya ba da Yuro dubu 500, Decathlon dubu 400 ga ayyukan muhalli.

Ɓangaren ma'aikata ya fi wuya, ni a wurina kuma ya fi nauyi. Tambaya ɗaya nake fara yi: mene ne suna da adireshin wurin da aka ɗinka? Da ginin Rana Plaza ya rufta a Bangaladash ranar 24 ga Afrilu, 2013, mutum 1,134 suka rasu, kuma sai da aka riƙa tono tambarin kamfanoni daga cikin ɓaraguzai kafin wasu su amsa cewa a can ake musu ɗinki. Tun daga lokacin aka ƙara matsa wa manyan kamfanoni su wallafa jerin masana'antunsu. A Turkiyya matsalar ita ce babban kamfani ya karɓi oda ya rarraba wa ƙananan shaguna a ƙarƙashin gidaje. A 2016 BBC ta nuna 'yan gudun hijirar Siriya, har da yara, suna aiki a irin waɗannan wurare a Istanbul. Nan Lesta ma da nake, a 2020 aka bankaɗo ana biyan masu ɗinka wa kamfanin tufafi na Boohoo kimanin Fam 3.50 a awa, ƙasa da rabin abin da doka ta ce. Sunan ƙasa a wuyan riga ba ya wanke kowa.

Hajiyar Nima, Accra

Duk abin da 'yata ta Lesta ta faɗa daidai ne, amma ni ƙarshen kayan nake gani. Ku zo Kantamanto, babbar kasuwar gwanjo ta Accra, ranar da ake fasa dila. Masu bincike na Or Foundation sun ce tufafi kusan miliyan 15 ke shigowa kasuwar a mako, kuma wajen kashi 40 cikin ɗari bola suke tafiya. In kin je bakin teku wajen Jamestown za ki ga tsummokara sun nannaɗe kamar igiya cikin rairayi, masunta na jawo su a koma. A cikin dilar nan har masu tambarin muhalli muna gani, wuya ya saki, gwiwa ta huje. Ni ma'aunina, rigar da babba zai sa ya bar wa ƙaninsa. Ki ja ɗinkin ki gani ko zare zai leƙo, ki ɗaga yadin a rana, ki wanke guda ɗaya sau da yawa da sabulun da matan gida ke wanki da shi. Kuma ki tambaye su sabbin samfura nawa suke fitarwa a wata. Mai fitar da sabo kowane mako ya san ba don ya daɗe ya yi shi ba.

Dattijon Kakuri

Na yi aiki a sashen rini na ɗaya daga cikin masaƙun Kakuri kafin a rufe su. Ranar da baƙi masu duba aiki za su zo, tun da safe ake raba mana safar hannu da takunkumi sababbi fil, a share ko'ina, a buɗe ƙofar da kullum ke garƙame. Suna fita a tattara kayan a mayar sito. Ruwan da muke saki kuwa, mutanen Makera sun san launin atamfar da muke bugawa a ranar daga kalar rafinsu. To takarda tana da amfani, amma rana ɗaya take gani. Abin da ya riƙa kare mu shi ne ƙungiyar ƙwadago, ita ke zama da masu kamfani a kan albashi da kuɗin ƙarin lokaci. 'Yata, ki tambaye su ko ma'aikatansu na da ƙungiya. Kuma in kina ba teloli aiki a nan gida, ki duba yaran shagon da ke kwana a kan keke duk azumi, su nawa ake ba su.

Maman 'Yan Biyu, Kaduna

Allah ya saka da alheri, Baba maganar teloli ta shige ni. Na tambaye su, sun turo takardu biyu. Lambar OEKO-TEX ta fito da sunansu, rukuni na 1, ba ta ƙare ba. Ta GOTS kuwa, Yaya, kamar kina wurin, sunan wani kamfanin zare ne a garin Denizli na Turkiyya. Da na nemi adireshin wurin ɗinki sai suka ce sirrin kasuwanci ne.

Bakanuwa a Lesta

To kin ga iyakar abin da za ki iya faɗa. Ki gaya wa iyaye an gwada kayan ba a samu sinadarai masu cutarwa sun wuce ƙa'idar da aka sa wa kayan jarirai ba, ki sa lambar a shafinki su duba da kansu. Maganar auduga da ta ma'aikata ki yi shiru a kansu har sai sun kawo takardar ɗora kaya da adireshi. Kada kuma ki yi alkawarin zai warkar da ƙaiƙayi, wannan na likita ne. Tunda cikin hujjoji uku da suka ɗora farashi a kai ɗaya kaɗai suka tabbatar, ki koma ki nemi ragi, kuma ki fara da kwali ɗaya kafin ki sa hannu a wakilci.