Tura fim a waya: sata ce ko neman halaliya?

Wannan muhawara ta tashi ne a zauren WhatsApp na tsofaffin 'yan layin Bauchi Road da ke Jos, bayan an turo sanarwar wani furodusa yana barazanar maka masu tura fina-finansa a kotu.

Sabi'u Caji: Salamu alaikum. Ni dai bari in faɗa a fili, mai jin haushi ya ji. Tura fim ko waƙa a waya ba sata ba ce. Ɓarawo in ya ɗauke maka abu, ka rasa shi ke nan. Ni kuwa in na zuba wa mutum fim a memori, na furodusa yana nan a hannunsa, ko ƙwarzane bai yi ba. Ɗiban wuta ne a murhun maƙwabta, kun taɓa jin wadda ta kai ƙara don an ɗebi garwashinta? Naira hamsin ɗin da nake karɓa ta data ce da man janareta da hayar shago.

Hajiya Rabi: Wa alaikumus salam. Sabi'u, mai ɗiban wuta ba ta kafa tebur a ƙofar gida tana sayar da garwashin, kuma itacen ai wata ce ta saya. Filin da na gada a Rikkos na sayar na yi fim ɗina na ƙarshe. Na ciyar da jama'a a lokeshan, na sallami mai kyamara da mai haske da edita. Fim bai yi mako da fita ba na tarar da yarinyar da ke taya ni aiki tana kallonsa a waya tana ta ƙyaƙyata dariya. Na ce ina kika samu? Ta ce a Taminus, uku naira ɗari. Katon-katon na sidi suna nan jibge a sito, ɓeraye sun yi gida a ciki. To ka ce ban rasa komai ba?

Sabi'u Caji: Allah ya mayar da alheri, Hajiya. Amma yarinyar nan da ma ba za ta sayi sidi ba, ba ta da na'urar kallonsa.

Hajiya Rabi: Tana da naira ɗari dai. Kuma aljihun wani ta shiga.

Baba Ɗanjuma Kaset: Yara, ku saurara ku ji. Ina da rumfar kaset a kasuwar Taminus kafin gobarar 2002, kuma Ƙofar Wambai ta Kano nake zuwa sari. A zamanin, mu ma gurzawa muke yi, bidiyo a jere suna ta aiki dare da rana. Sai dai furodusa shi ke buga kwalin fim ɗinsa, ɗan kasuwa ya sayi kwali, ya gurza kaset ya saka a ciki. Kwali dubu ya fita, ya san kuɗin dubu yake bi. Ana cuta, ba na musu, amma akwai abin ƙirgawa, kuma mai saye yana ƙyamar kaset tsirara. Da sidi ya zo abin ya fara sukurkucewa, memori da Xender suka ƙarasa shi. Yanzu me za a ƙirga?

Barista Nafi'u: Baba ya taɓo inda ke ciwo. Yaya Sabi'u, ta fuskar doka maganarka ba za ta tsaya ba, domin haƙƙin mallaka bai dogara da ko an raba mutum da kwafinsa ba. Abin da doka ta ba mai aiki shi ne ikon cewa wa zai kwafa, wa zai rarraba, wa zai nuna wa jama'a, wa zai fassara. Tsohuwar dokarmu ta 1988 ce, zamanin kaset. Sabuwar, ta 2022, Buhari ya sa mata hannu a watan Maris na 2023, kuma ta shigo da intanet ciki: mai aiki zai iya rubuta wa masu shafi su sauke kayansa. Tarar mai sayarwa a da naira 100 ce kan kowane kwafi, yanzu aƙalla 10,000 ce, ko ɗauri, ko duka biyun. Hukumar kare haƙƙin mallaka ta ƙasa, NCC, da ke nan Abuja ita ke kame da gurfanarwa. Ba sai ka yi rajista ba kafin haƙƙinka ya tabbata, rajistar hujja ce kawai ranar shari'a.

Sabi'u Caji: Dubu goma kan kowane kwafi? Ashe abin da ke cikin kwamfutata ya fi kuɗin Filato da kewaye.

Barista Nafi'u: Ka daina faɗa a zaure, Yaya. Kuma ka lura, doka ta yi sassauci ga nazari da sharhi da amfanin kai. Wanda ya buɗe shago ya fita daga wannan.

Sabi'u Caji: To Barista, tunda doka ake, a yi ta duka. Waƙoƙin Indiya nawa 'yan fim ɗinmu suka ɗauke kiɗansu suka ɗora Hausa a kai? Labarai nawa aka kwaso fitowa bayan fitowa? Fassarar Indiya da ake kallo a kowane gida, wa ya je Mumbai neman izini? In an yi musu kuka, in sun yi shiru. Hajiya, ba da ke nake ba.

Hajiya Rabi: Ko da ni kake, ba ka yi ƙarya ba, an yi haka a masana'anta. Amma laifin wani ba ya halatta maka gumina.

Barista Nafi'u: Ya yi gaskiya a rabi. Salon labari, a ce saurayi biyu budurwa ɗaya, ba mallakin kowa ba ne. Kiɗa da fassara kuwa sai da izini, kuma Najeriya ta shiga yarjejeniyar Berne ta kare haƙƙin mallaka tsakanin ƙasashe a 1993, Indiya ma tana ciki, saboda haka aikin Ba'indiye yana da kariya a nan. Nisa ne da tsadar shari'a suka hana su biyo sawu.

Auwal Gem: Ni nawa daban ne, ku bar batun Hajiya, ita tamu ce. Sabon gem ɗin ƙwallo na PlayStation dala 70 ne. A canjin ƙarshen 2024 ya haura naira dubu ɗari, alhali mafi ƙarancin albashi da aka sa a 2024 dubu saba'in ne. Yaran Unguwar Rogo da ke zuwa wurina da canjin aike, in na sayi na asali nawa zan caje su? Kuma kamfanin da ke Amurka bai ma san da Jos a duniya ba. Dole a kai na'ura a buɗe ta a zuba.

Jamila Edita: Yaya Auwal, a nan ina tare da kai kaɗan. Farashin da aka yanka don aljihun Turawa ba zai yi aiki a nan ba. Amma ka duba, kamfanin Konami sun mayar da gem ɗinsu na ƙwallo, PES, ya zama eFootball a 2021, kyauta ake saukewa, a ciki suke neman kuɗinsu. Dandalin sauraron waƙa na Spotify ya shigo Najeriya a 2021, da naira ake biya. An rufe Napster, dandalin musayar waƙoƙi ba izini, a 2001, an yanke wa masu irinsa, Pirate Bay, hukunci a Suwidin a 2009, saukewa ba ta tsaya ba. Abin da ya rage ta shi ne da na halal ya fi sauƙin samu.

Malam Hudu: Na yi shiru ina karantawa. Sabi'u, kana da ƙwaryar hujja: malamai ba su ce a yanke hannun mai kwafi ba, domin haddi yana da sharuɗɗansa na ma'ajiya da nisabi. Amma rashin haddi bai zama halacci ba. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, OIC, a zamanta na Kuwait a 1988, ta yanke cewa haƙƙin wallafa da ƙirƙira dukiya ce da Shari'a ta kare, ba ya halatta a keta shi. Akwai malaman da suka saɓa, suna tsoron a faɗa cikin ɓoye ilimi, musamman a littattafan addini. Ban dai ga yadda wannan zai rufe fim ɗin soyayya da gem ɗin ƙwallo ba.

Auwal Gem: Allah gafarta Malam, ai ƙwallo ma ilimi ce.

Malam Hudu: Ka zo bayan Azahar ka karantar da ni.

Baba Ɗanjuma Kaset: Barista, na mamaci fa? Ɗan Maraya namu ya rasu a 2015, kuntiginsa na cikin kowace memori a garin nan.

Barista Nafi'u: Haƙƙi gado ne, Baba. Waƙa tana da kariya har shekara 70 bayan rasuwar mai ita, wato tasa sai ƙarshen 2085. Fim da sautin da aka naɗa shekara 50 ne daga fitarsu. Magada ke da iko, sai in ya sayar da haƙƙin tun yana raye.

Jamila Edita: Mu a makarantar fim ta nan Jos kullum wannan ake tattaunawa. Furodusoshi sun koma YouTube da fina-finai masu dogon zango saboda can akwai abin ƙirgawa, kwalin da Baba ya faɗa. Kowane kallo ana lissafa shi, kuɗin talla ya biyo baya, kodayake tallar da mai kallo a Najeriya ke jawowa ba ta kai ta na waje ba. To ga inda Yaya Sabi'u ke shigowa: ya sauke sau ɗaya, ya tura wa layi guda. A lissafin YouTube mutum ɗaya ne ya kalla. Daga wannan lissafin ake biyana kuɗin tacewa.

Sabi'u Caji: Ƙanwata, mutanen layin nan ba su da datar kallon awa guda kowane mako. In ba ni, ba su san jarumanku ba balle su cika muku fili ranar gala. Amma naji. A kawo min fim da izini, in ƙara naira ashirin a kai ta mai shi, ba zan ƙi ba.

Hajiya Rabi: Wa zai ƙirga? Kai za ka ce min goma ka tura alhali ɗari ne.

Barista Nafi'u: Ba sai an ƙirga ba, Hajiya. Ki yanka masa kuɗi dunƙule kan kowane fim, ya tura iya ƙarfinsa, a rubuta, shaidu su sa hannu. Lasisi ke nan, doka ta yarda.

Sabi'u Caji: Matsalar, in ni kaɗai na biya, na kusa da ni zai aiko yaro ya saya a wurina naira saba'in, gobe ya sayar hamsin. Sai dai a haɗa da na Dilimi da Farin Gada da Gangare a zama ɗaya.

Hajiya Rabi: Kuna da shugaba?

Sabi'u Caji: Akwai dattijon da muke jin maganarsa.

Hajiya Rabi: Ka kawo shi gidana ranar Asabar bayan La'asar. Barista, kai kuma ka rubuto takardar da Hausa, kada a ce ba a gane ba.