Ƙaramin jirgin ruwa ko babba? Ina so in kai Baba ya ga Efesus da Delos

Autan_Malam ya rubuta:

Salam jama'a. Dan Allah waɗanda suka taɓa irin wannan tafiyar ku agaza min da shawara. Mahaifinmu yayi ritaya, ya haura shekara 70, tarihi ya koyar tsawon aikinsa amma bai taɓa taka ko ɗaya daga wuraren da yake koya wa yara ba, shine ni da yayyena muka haɗa kai zamu kaishi Bahar Rum ya gani da idonsa, musamman kufan tsofaffin garuruwan Efesus a Turkiyya da Delos, wani tsibiri a Girka, da yake yawan ambata, ni zan raka shi. Matsalar itace akwai manyan jiragen nan masu kwasar mutum 4,000 zuwa 5,000 da suka fi araha nesa ba kusa ba, ga kuma ƙanana masu ɗaukar 40 ko 100 ko 200 masu ɗan karen tsada. Masu tallar ƙananan suna cewa wai suna shiga inda manya basa iya shiga, gaskiya ne ko daɗin baki ne kawai? Sannan Baba nada ciwon gwiwa, yana tafiya da ƙafarsa amma a hankali. Wane wata yafi dacewa?

Tsohon_Matafiyi ya rubuta:

Wa alaikumus salam Auta, Allah ya saka muku da alheri, ya baku masu yi muku. Maganar shiga inda manya basa shiga gaskiya ce. Mashigin Korinti na ƙasar Girka da aka buɗe a 1893 tsawonsa kilomita 6 da ɗoriya ne amma faɗinsa daga ƙasa bai wuce mita 21 ba, babban jirgi ko a mafarki bazai bi ta nan ba, ƙarami kuwa zai ratsa kana tsaye a samansa bangon dutse dama da hagu kamar ka miƙa hannu ka taɓa. Sai dai ka tambaya ko a buɗe yake a lokacin tafiyarku don zaftarewar ƙasa ta sa an rufe shi a 2021, kuma tun daga nan ana yawan rufewa ana gyara. Haka Venis, tun watan Agustan 2021 gwamnatin Italiya ta hana jiragen da suka haura tan 25,000 bi ta tsakiyar garin. Akwai kuma irin su kufan Kinidos da ke can ƙarshen wani tsiririn tudu a gaɓar Turkiyya, wanda ta ruwa yafi daɗin zuwa akan ta mota.

Amma ni a ganina ba wannan ne abin da kuɗinku zai saya ba. Lokaci zaku saya. Kar ka tsaya kallon hoton ɗakin kwana da wurin wanka, buɗe jadawalin ka duba ƙarfe nawa jirgin zai sauke anga kuma ƙarfe nawa zai tashi a kowace tasha. Bari in baka misali da Efesus ɗin. Jirgi a Kushadasi yake tsayawa, daga nan kusan kilomita 20 ne a mota. Manyan jirage da safe suke isowa, kafin hantsi ya dubi ludayi bas-bas sun juye dubban mutane a ƙofa ɗaya, kowane rukuni da ɗan jagoransa ya ɗaga tuta yana magana, titin da ya gangara zuwa laburaren Selsus ya cika kamar ranar kasuwa, ba zaka iya tsayawa ka ƙare wa komai kallo ba saboda na baya suna turo ka. Ƙaramin jirgin da ya kwana a tashar kuwa zaku iya isa ana buɗe ƙofa, ko ku bari sai la'asar sakaliya duk sun koma.

Kuma Efesus wuri ne na mai haƙurin duba ƙasa. Zai ga sawun da ƙafafun keken doki suka ƙwaƙule a jikin dutsen titi, zai ga banɗakin jama'a inda mutane ke zama a jere kan dogon bencin dutse mai ramuka, ruwa na gudana ta ƙasa, ga ɗan kwatami a gaban ƙafafu. Gidajen attajirai da ke jikin tudu tikitinsu daban ne amma ku biya, an yi musu rumfa, zanen bango da adon daɓe na ƙananan duwatsu duk suna nan, saidai akwai matakala da yawa, ku duba ƙarfin Baba tukun. Fuskar laburaren nan da ake ta ɗauka a hoto a zube take da, a shekarun 1970 aka tattara duwatsun aka sake tayar da ita. Dandalin wasan kwaikwayon garin yana cin mutum wajen 25,000. Abin da nasan zai fi burge malamin tarihi shine idan ya tsaya a dandalin ya miƙa ido kan titin da ya nufi tashar jiragen ruwa ta da, babu teku sai fadama da ciyayi, laka da kogi ke kwasowa ce ta cike tashar sannu a hankali har teku ta ja baya kilomita da dama, wannan yana cikin abin da ya kashe kasuwar garin. Ku shiga ta ƙofar sama ku fita ta ƙasa, gangara ce duka, gwiwa zata gode muku.

Maman_Yan_Biyu ta rubuta:

Alhaji duk abinda ka faɗa haka yake amma ka tsallake wahalar, gara yaron nan ya ji tun yanzu. Ɗana, ƙaramin jirgi yana rawa akan ruwa. A tekun da ke tsakanin Girka da Turkiyya akwai iskar arewa da suke kira meltemi, tafi ƙarfi a Yuli da Agusta, takan kwana biyu uku tana busawa ba hutu, kuma yankin Mikonos da Delos ne take fi tsananta. Wlh ranar da ta same mu kofuna ne ke tafiya da kansu akan tebur, rabin mutanen jirgin basu fito cin abincin dare ba, ni kaina ina kwance da jiri da tashin zuciya. Washegari kyaftin yace babu sauka Delos, aka juya damu wani tsibirin, kuma ba wanda ya maido mana ko sisi saboda a takardar da muka sa wa hannu an rubuta cewa yanayi na iya sauya jadawali. To idan Delos ɗin ce zuciyar tafiyar ka san da haka.

Na biyu gwiwa. Da yawa daga ƙananan jiragen basu da lif, matakala ce mai tsayi a miƙe, kuma a wuraren da babu wajen jingina jirgi sai an sauke ku cikin ɗan kwale-kwale mai inji ya kaiku gaɓa, kana sa ƙafa shi yana hawa yana sauka. Ma'aikatan suna riƙe mutum tsakani da Allah, amma dattijo sai ya shirya. Ba kowanne ne keda likita a ciki ba, masu ɗaukar mutum 30 ko 40 ɗin nan galibi babu. Delos kanta babu inuwa kusan gaba ɗaya, dutse ne da rana, ba a yarda baƙo ya kwana a tsibirin ba sai masu gadi da masu tono, zakunan dutsen da ke jere a waje ma kwafi ne, na asalin an shigar dasu gidan adana kayan tarihi da ke wurin. A Yulin 2023 saboda zafi sai da aka riƙa rufe Akropolis na Atina da tsakar rana. Ni dai Mayu ko farkon Yuni ko ƙarshen Satumba zuwa Oktoba nake baku shawara. Ku nemi ɗaki a tsakiyar jirgi kuma a hawan ƙasa, nan ne rawar tafi sauƙi, arha ma yafi, sannan ya ga likitansa kan maganin jiri kafin ku tashi kar ya ci karo da magungunan da yake sha.

Abokin_Hanya ya rubuta:

Ba wanda ya taɓo biza kuma ita ce ke kada mutane. Ya danganta da fasfon da kuke riƙe dashi, amma idan kuna buƙatar ta Shengen (biza ɗaya da ake shiga ƙasashen Turai da dama da ita) ku lura Girka da Italiya da Kuroshiya (ta shiga a Janairun 2023) suna ciki, Turkiyya da Montenegro da Albaniya basa ciki. Jirgin da ya tashi daga Girka ya leƙa Kushadasi ya dawo, kun fita kenan kun sake shiga, mai shiga sau ɗaya bazata yi ba sai mai shiga sau da yawa, ita kuma Turkiyya da nata ƙa'idar daban. Kamfanin jirgi zai iya hanaku hawa tun a tasha idan takardu basu cika ba. Inshorar lafiya ta aƙalla yuro 30,000 ma sharaɗi ce a wajen neman bizar, ga mai shekarun Baba ku ɗauki wadda ta haɗa da ɗauko mara lafiya daga tsibiri.

Autan_Malam ya rubuta:

Kai nagode sosai, Hajiya kin sa jikina yayi sanyi amma gara da kika faɗa. Tambaya biyu ta ƙaru. Naga wasu jiragen gaɓar Kuroshiya suke bi, ance can ruwan yafi kwanciya, ko mu koma can? Sannan Baba yace wai kogon Ashabul Kahfi yana kusa da Efesus, haka ne?

Tsohon_Matafiyi ya rubuta:

Kuroshiya tsibirai ne a jere suna kare gaɓar, kuma tsakanin tasha da tasha ba nisa, galibi da rana ake tafiya a kwana a ɗaure a gari, don haka eh yafi sauƙi ga mai jiri duk da can ma suna da tasu iskar. Amma abinda zaku gani daban ne. Can garuruwa ne masu rai, ba kufai ba. A Split fadar da sarkin Rum Diyokletiyan ya gina ya koma cikinta bayan ya sauka daga mulki a shekara ta 305 itace tsakiyar garin har yau, mutane na zaune cikin bangonta, shanyar kaya a tagar da ke jikin ginin shekara 1,700, ga gunkin zaki mai kan mutum da aka ɗauko daga Masar yana kwance a tsakar fadar. Dubrovnik ganuwarta kusan kilomita 2 ce ana zagayawa ta samanta amma hawa da sauka ne ba iyaka. Kotor a Montenegro shigarta ta ruwa tsakanin duwatsu da asuba abin kallo ne, matakalar sansaninta kuwa wajen 1,350 ce, wannan Baba ya kalla daga ƙasa kawai. Kyau akwai kyau, saidai mutumin da ya shekara yana ambaton Efesus da Delos ka kaishi Dubrovnik ba ka biya masa buƙata ba.

Maganar kogo, akwai wani wuri a gefen tudun da ke bayan Efesus da Kiristoci na da can suka ce nan ne samarin suka yi barci bayan sun gudu daga sarki Desiyus wajen shekara ta 250, har aka gina coci da kaburbura a wurin. Amma Alƙur'ani bai ambaci garin ba, kuma akwai wani kogon kusa da Amman a Jodan da wani a Tarsus ta Turkiyya duk ana danganta su da ƙissar. Ku je ku gani a matsayin ɗaya daga ciki, yawancin jadawalin jirage basa sa shi sai ka roƙi direba. Idan hanyar ta bi ta tsibirin Rodos na Girka ku sauka, jirgi na tsayawa dab da ganuwar tsohon garin da Sultan Sulaiman ya ci a 1522, da ƙafa ake shiga. Bodrum ta Turkiyya kuma a cikin tsohon sansaninta akwai kayan wani jirgi da ake kira Uluburun da ya nutse sama da shekara 3,300, tagulla kaɗai tan 10, ga hauren giwa. Kashedi ɗaya, ko tsakuwa kar wani ya saka a aljihu daga waɗannan wuraren, Turkiyya da Girka basa wasa da wannan, ana kama mutane a filin jirgi.

Maman_Yan_Biyu ta rubuta:

Ni kuma ga yadda zanyi inda nice. Ku ɗauki matsakaici mai mutum 100 zuwa 200 da ke da lif da likita, ba ɗan mitsitsin ba, sannan ku ware kwana biyu a Mikonos kafin hawa ko bayan sauka, daga can akwai ƙananan jirage da ke kai mutane Delos cikin kamar rabin awa, duk safiyar da ruwa ya kwanta sai ku tsallaka abinku ba sai kun jira ikon kyaftin ba. Kafin ka tura ko kwabo ka rubuta wa kamfanin imel su amsa maka a rubuce, tasha nawa ake jingina jirgi nawa kuma ake sauka ta kwale-kwale, kuɗin shiga wurare da na ɗan jagora da ihsanin ma'aikata suna cikin farashin ko daban ne, kuma akwai rukunin masu tafiya a hankali ko duka tare ake kora. Ka saya masa takalmi mai kama ƙasa don dutsen Efesus ya sha ƙafa yayi santsi, da sandar nan mai buɗewa ta zama kujera.

Autan_Malam ya rubuta:

Na kwafe duka na tura wa Yaya babba, shine mai riƙe da asusun. Muna duba ƙarshen Satumba in sha Allah. Abokin_Hanya dan Allah duba saƙonka, na tura maka jadawali biyu ka gaya min wace ƙasa ya kamata mu nemi bizar a wurinta.