Digirin kasuwanci daga gida: akwai amfani ko zubar da kuɗi ne?

Ɗan Tudun Hatsi:

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka. Don Allah shawara nake nema wajen waɗanda suka san abin. Ni a Gombe nake, ina riƙe da shagon hatsin mahaifinmu, masara da wake da waken suya, sai ɗan shinkafa in kaka ta yi. Ina da ƙaramar difloma tun tuni, ban ci gaba ba saboda jikin Baba ya yi nauyi dole wani ya zauna a kasuwa. Yanzu raina ya koma kan karatu, ina son digiri a fannin gudanar da kasuwanci, amma ba zan iya rufe shago in je in zauna a aji ba, balle lokacin kaka da motoci ke shigowa daga Kumo da Dukku da Billiri tun asuba. Wani ya ce in shiga NOUN, wato jami'ar karatu daga gida, wani ya ce ABU Zariya ma suna da tsarin karatu daga nesa.

Abin da nake son sani, takardar ana ganin darajarta? Kuma abin da ake koyarwa zai yi min amfani a shago ko labarin kamfanonin Turawa ne kawai? Don gaskiya abin da ke cin raina, mu uku ne da ƙannena, kowa yana ba yaran shago umarni, kowa yana sa hannu a durowa, ciniki alhamdulillahi ana yi amma ƙarshen shekara sai a rasa inda kuɗin ya shiga.

Malam Sakatare, Bauchi:

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ni a NOUN na yi nawa ina aikin gwamnati, kuma da shi aka gyara min matakin albashi, to maganar daraja ka kwantar da hankalinka. Jami'ar gwamnatin tarayya ce, hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, NUC, ke duba kwasa-kwasanta kamar kowace jami'a. Tun 1983 aka kafa ta zamanin Shagari, sojoji suka dakatar da ita a 1984, sai Obasanjo ya farfaɗo da ita bayan dawowar mulkin farar hula, shi kansa daga baya ya koma ya zama ɗalibi a can har ya karɓi digirin dakta a 2018. Suna da cibiya a Gombe kamar yadda muke da ita a nan Bauchi, ba sai ka je Abuja ba.

Tunda kana da difloma, in fannin ya dace kuma sakamakon ya yi kyau za ka iya farawa daga aji biyu. Amma ka fara duba takardarka ta sakandare, kiredit biyar har da Turanci da Lissafi, mutane da yawa a Lissafin nan suke maƙalewa. Littattafan darasi suna shafinsu na intanet, ka sauke a waya. Kowane darasi akwai aikin gida da ake cewa TMA, maki 30 ne, jarabawa kuma 70. Aji ɗaya da biyu a kwamfuta ake jarabawa, daga aji uku sai biro da takarda, a nan ne ake gane wanda ya karanta da wanda ya dogara da tambayoyin shekarun baya. Na ABU ma mai kyau ne, sunan makarantar kaɗai ya isa, sai dai ka lissafa aljihunka da kyau don lokacin da na kwatanta su ya fi nauyi.

Batun shagonku kuwa dariya ya ba ni, don a farkon darasin ƙa'idojin gudanarwa za ka ci karo da shi. Akwai wani Bafaranshe, Henri Fayol, injiniya ne da ya shugabanci kamfanin haƙar ma'adinai, a 1916 ya fitar da ƙa'idoji 14 na tafiyar da aiki. Ɗaya daga ciki ita ce kowane ma'aikaci ya zama mutum ɗaya ne ke ba shi umarni. Ka ce wa yaro ya loda buhu ashirin a mota, ƙaninka ya zo ya ce a sauke farashin bai yi ba, yaron me zai yi? Zai koyi cewa maganar kowa ba ta da nauyi, gobe in buhu ya ɓata ba wanda za ka kama. Wata ƙa'idar kuma ta ce iko da alhaki tare suke tafiya, wanda ka ba shi makullin sito shi za ka tambaya lissafin sito.

Tsohon Ɗan Wunti:

Yaro, ni ba zan hana ka neman ilimi ba, Allah ya ba da sa'a. Amma ka ji tawa. Na tsufa a kasuwa, waɗanda na ga sun tara abin duniya a Wunti da Muda Lawal yawancinsu allo suka yi, wasu ko sunansu da boko ba sa rubutawa. Kasuwa a kasuwa ake koyonta. Wane littafi ne zai koya maka ka damƙi wake a hannu ka san bai gama bushewa ba, ko ka kalli idon dillali ka san ya riga ya cire la'adarsa sau biyu? Na ga yara masu digiri an ba su jari, shekara ba ta zagayo ba sun cinye har uwar kuɗin suna ta turanci. Matsalarku ba ta makaranta ba ce, ta gida ce. Tunda mahaifinku na da rai ku je gabansa ya faɗi da bakinsa wane ne babba a shago. Kuɗin rajistar kuma ka ƙara buhunan masara da su ka ajiye zuwa damina.

Uwar Biyu, Fadaman Mada:

Baba Alhaji Allah ya ƙara girma, maganarku gaskiya ce a wani ɓangaren, amma ku bar shi ya yi karatunsa. Ni atamfa da leshi da turaren wuta nake sayarwa daga cikin gida, ga yara ga girki, kuma ina aji uku yanzu. Ɗan Tudun Hatsi abin da babu wanda ya faɗa maka shi ne wahalar karatun ba ta kai wahalar zama ka yi shi ba, don babu malamin da zai kira sunanka a aji, babu mai tambayarka jiya ina ka shiga, kai ne malamin kai ne ɗalibin, in ka yi wasa sai ka farka ka ga saura sati biyu jarabawa ga littafi mai shafi ɗari biyu ko buɗe shi ba ka yi ba ga TMA an kusa rufewa. Ni bayan sallar asuba nake nawa kafin yara su tashi, da daddare kam ƙarya ne, barci ke ɗauke ni da wayar a hannu. Kai da kake cewa motoci na shigowa da asuba sai ka nemi naka lokacin, ƙila tsakanin azahar da la'asar da kasuwa ke ɗan lafawa. Kuma zangon da ya faɗo cikin kaka kar ka ɗebi darussa da yawa, ka ɗauki daidai ƙarfinka, ba gudun tsere ake ba.

Ka tanadi kuɗin data da abin cajin waya, sannan manyan littattafan ka kai shagon kwamfuta a buga maka su a takarda, karatu a waya yana kashe ido kuma saƙon WhatsApp ba zai bar ka ba. Za ka ga masu tallan za su yi maka TMA ka biya su, ko su sayar maka da amsoshi. Kar ka fara. Kai da ka ce don shago kake so, in wani ya yi maka aikin me ka koya?

Ni abin da ya fi yi min amfani darasin akanta ne. Da can kuɗin cefane da kuɗin atamfa a jaka ɗaya suke, 'yar'uwa ta ɗauki turmi ta ce sai ƙarshen wata, in ji kunyar rubutawa. Yanzu littafi biyu gare ni, na bashi daban na ciniki daban, kuma na yanka wa kaina albashi. Har maigidan in ya ɗauki shadda sai na rubuta, ranar farko ya yi ta kallona, na ce ranka ya daɗe ba ni ce ke binka ba, sana'ar ce.

Akanta na Jekadafari:

Bari in ɗan sa baki tunda lissafi ne aikina kuma ina duba wa wasu 'yan hatsi littattafansu. Baba Alhaji, waɗancan attajiran da kuka ambata suna aiki da ƙa'idojin nan sarai, a kansu suke riƙe da su, shi ya sa in Allah ya yi musu rasuwa sau da yawa dukiyar ke watsewa, ba abin da aka rubuta, magada ba su san wa ake bi ba wa ke bin su. Kun fi ni sanin gidajen da haka ta faru. Ido da hannun da kuke magana a kai dole sai a kasuwa, wannan ba musu, kuma shi yaron nan ya riga ya same su. Abin da ya rasa shi ne yadda shago zai tafi daidai ko ba ya wurin.

Ɗan Tudun Hatsi, ga ɗanɗano tun kafin ka biya ko sisi. A ce haya da sallamar yara da mai gadi da harajin kasuwa suna cin naira 150,000 a wata, ko ka yi ciniki ko ba ka yi ba. A ce bayan kuɗin mota da 'yan dako da buhu da la'ada, naira 1,500 ke rage maka a kowane buhu. To sai ka sayar da buhu 100 kafin ka fara cin riba, na 101 shi ne naka na farko. Da yawa suna ganin cinikin miliyoyi ya wuce ta hannunsu su ɗauka suna samu. Haka ajiya, kowa na cewa saya da kaka ka sayar da damina, amma wa ke lissafa hayar sito, da nauyin da hatsi ke ragewa in ya ƙara bushewa, da ƙwarin da ke huda wake in ba a zuba shi a buhun PICS mai leda biyu a ciki ba, da watannin da jarin ya kwanta bai juya ba? Wata shekarar ma farashin faɗuwa yake maimakon ya hau. Wannan duk za ka gan shi a darasin lissafin tsadar kaya da na kula da kuɗi.

Amma kar in yaudare ka, ba duk darasi ne zai shiga shago ba. Akwai na gama-gari da kowa ke yi, Turanci da su tarihin al'adun Najeriya, akwai dogon bayani kan Frederick Taylor na Amurka da yadda ya riƙa auna motsin ma'aikata da agogo a masana'antar ƙarfe, wannan ka haddace ka ci jarabawa kawai. In don gyaran shago kaɗai ne, ba ka buƙatar shekara uku, littafi da biro da asusun banki na shago daban sun isa ka fara gobe, sai ku yi rajistar sunan kasuwanci a CAC, hukumar rajistar kamfanoni. Digirin zai yi maka rana ne in kana hangen kai kaya kamfanonin abincin kaji ko neman kwangila, inda za a ce kawo tsarin kasuwancinka a rubuce da lissafin shekara.

Ɗan Tudun Hatsi:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri ya bar zumunci. Baba Alhaji na ɗauki maganar zuwa gaban Baba, Juma'a in sha Allahu za mu zauna da shi. Malam Sakatare, diflomar tawa ta aikin gona ce ba ta kasuwanci ba, a haka ma za su ba ni aji biyu ko sai na faro daga ɗaya?

Malam Sakatare, Bauchi:

Ka kwashi takardunka na asali ka je cibiyar Gombe da kanka, akwai jami'in ba ɗalibai shawara, shi zai duba ya faɗa maka ajin da ka dace. Kar ka ba wa mai shagon intanet kuɗi ya cike maka fom kafin nan, kuma duk abin da za ka biya ta Remita ne, manhajar biyan kuɗi ta intanet, ka adana rasit ɗin.