Neman shawara: an ce kwamfuta za ta ƙera wa Hajiyarmu haƙori, mu yarda?

Autar Hajiya:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah shawara nake nema a kan mahaifiyata, musamman daga ma'aikatan lafiya da ke cikinmu. Shekarun Hajiya 63, kuma ta daɗe tana fama da ciwon suga. Bara waccan aka cire mata turame biyu na ƙasa ta hagu. Haƙorin Makkan da ta sa lokacin da ta sauke farali shi ma ya fara baƙi ta gindi, dasashin wurin yana jini duk sanda ta yi aswaki. Mun yi mata haƙorin roba a wani wuri nan Kano. Wajen awo sai da aka cusa mata wani abu kamar ƙullu a baki tana ta yunƙurin amai, amma da aka kawo haƙorin bai zauna ba, ya ji mata ciwo a gefen harshe. Yanzu haka yana cikin kofi a kan durowarta. Ta daina cin nama, goron da take so ma sai an kankare mata shi. Ta rame, abin yana ci mini rai.

Yayana ya kai ta wani asibitin kuɗi a Abuja. Ya ce sun zura mata wata na'ura mai kamar babban alƙalami, nan take bakinta ya fito a allon kwamfuta suna jujjuya shi. Suka ce za su cire haƙorin Makkan su sa na zirkoniya, wani farin abu mai tauri kamar tangaran, wanda inji zai sassaƙa a ranar, sannan su dasa mata biyu a giɓin. Kuɗin sai mun haɗa hannu, ni kam sai na sayar da sarƙata. Wallahi ban ƙi ba, tsorona kada mu kashe kuɗi a koma gidan jiya. Da gaske a rana ɗaya ake gamawa? Kuma mai suga za ta iya?

Maman 'Yan Biyu:
Allah ya ba Hajiya lafiya, ya saka muku da alheri. Dakta, ga tambayarki nan.

Likitar haƙori:
Wa alaikumus salam, Auta. Allah ya ƙara wa Hajiya sauƙi. Abin da suka nuna wa yayanki gaskiya ne, kuma ba sabon abu ba ne. Tun 1985 wani likita mai suna Werner Mörmann da injiniya Marco Brandestini suka fara amfani da shi a kan mara lafiya a Jami'ar Zurik ta ƙasar Siwizalan, na'urar tasu sunanta CEREC. Alƙalamin nan kyamara ce da ke ɗaukar hotuna da yawa, kwamfuta ta harhaɗa su su zama siffar baki, a zana haƙorin a allo, inji ya sassaƙa shi. Ba ƙullu, ba yunƙurin amai.

Amma ayyuka biyu ne aka haɗa muku a zance ɗaya, ina so ki raba su. Hular da ake kifawa a kan haƙorin da ke nan, ita ce ake iya gamawa a rana ɗaya. Dashe daban ne. Ƙusa ce ta ƙarfen taitaniyom ake ɗaurawa a ƙashin muƙamuƙi, a jira ƙashin ya kama ta. Wani likitan Suwidin, Per-Ingvar Brånemark, shi ya gano ƙashi yana manne wa wannan ƙarfen, ya fara dasa wa mutum a 1965. Daga lokacin zuwa yau an samu na'urori iri-iri, amma har yanzu ƙashi wata uku zuwa shida yake ɗauka kafin ya riƙe ƙusar sosai. A mai suga mukan ƙara jira.

Suga ba ya hana dashe in yana kan ƙa'ida. In ya yi sama, rauni ba ya warkewa da wuri, ƙwayoyin cuta su samu wurin zama, ƙusar ta yi ta girgiɗi har a cire ta. Don haka kafin ki taɓa sarƙarki, a yi mata gwajin HbA1c, wanda ke nuna yadda sugan ya kasance cikin wata uku da suka wuce, a kai wa likitan da ke duba ta. Awon safe na ɗan yatsa bai isa ba.

Jinin dasashin nan ya fi damuna. Kyamarar abin da ido ke gani take gani, ba ta ratsa jini ko yawu. In aka ɗauki hoto dasashi a kumbure, ba za a ga inda hular za ta tsaya ba, ta fito da 'yar kafa a gindi, abinci ya riƙa maƙalewa. A fara wanke mata haƙora, a cire na Makkan a ga me ke ƙarƙashi, a yi hoto. In ruɓa ta kai jijiya sai an yi aikin jijiyar tukuna. A sa mata hular wucin gadi har dasashin ya lafa.

Sai ki tambaye su ko sun yi mata hoton CBCT, wato hoton da ke nuna ƙashin muƙamuƙi ta kowane ɓangare. Alƙalamin nan waje kawai yake ɗauka, ba ya nuna ƙashi. Bayan an cire haƙori ƙashin wurin yana zaizayewa, ga shi nata ya shekara biyu, kuma akwai jijiyar da ta bi ta cikin muƙamuƙin ƙasa wadda in aka taɓa ta leɓe yakan mutu. Masu aikin ƙwarai suna haɗa hotunan biyu a kwamfuta, su ƙera wani ɗan marfi mai huda da ke saita musu inda za su huda ƙashin. A nan kam na'ura ta taimaka mana ƙwarai.

Maƙerin haƙora:
Dakta ta gama magana. Zan ƙara daga ɓangarenmu na ɗakin ƙira, don a hannunmu aikin yake ƙarewa. 'Yar uwa, ƙullun da aka sa wa Hajiya ba shi da laifi in an bi ƙa'idarsa. Matsalarsa ba ya jira. Da an zare shi daga baki ya kamata a zuba masa farar ƙasar awo cikin 'yan mintuna. In aka ajiye shi a tebur, musamman da hunturu da iska ke bushe, ruwansa yana tsanewa ya tsuke, haƙorin da aka gina a kansa ya fito da awon da ba nata ba. Na sha karɓar awo ya yini a leda cikin zafin mota. Hoton kwamfuta kuwa ba ya bushewa, ta intanet ake turo mana shi.

Zirkoniya idan ta zo mana kamar alli take, da farce ma sai ki karce ta. Inji yana sassaƙa ta da girma fiye da kima da kusan kashi 20 cikin 100, sannan mu gasa ta a zafin da ya kai wajen digiri 1,500, ta tsuke ta dawo daidai, ta yi tauri. Tsohon murhu awanni yake ci, sababbi kuma ƙasa da awa ɗaya, shi ya sa suke cewa a ranar. Ki tambaya ko a wurinsu injin yake ko aikawa suke yi. Tun da haƙorin gaba ne, ki sa a gwada launin a bakin taga da hasken rana, a daidaita shi da sauran haƙoranta. Mai cin goro haƙoranta ba fari fat ba ne, in aka sa mata fari ƙal shi kaɗai za a riƙa gani. Kuma a goge shi sumul bayan an rage tsayinsa, don zirkoniya mai kaushi tana cin haƙorin da take haɗuwa da shi.

In dashen bai yiwu ba, akwai na cirewa mai ƙashin ƙarfe, siriri ne, yana kama sauran haƙora, ya fi na roba zalla zama, kuma kuɗinsa bai kai rabin na dashe ba. Ki tabbatar likitan yana da rajista da MDCN, hukumar da ke yi wa likitoci da likitocin haƙori rajista a Nijeriya.

Baba Alhaji:
'Yata, ni ma na cire nawa na Makka da ya fara wari, aka tarar ƙarƙashin ya ruɓe. Amma ku yi wa Hajiya magana a hankali. Wannan haƙorin a wurinta tunawa ne da Ɗakin Allah. In an cire, ku karɓo mata shi ta ajiye. Nawa yana nan cikin akwatina a naɗe.

Autar Hajiya:
Na gode ƙwarai, Allah ya biya ku. Baba, wallahi ban yi wannan tunanin ba, shi ya sa ta yi shiru da aka ambaci cirewa. Na kira yayana, ya ce ba a yi CBCT ba, ba a kuma tambayi sugarta ba, sun dai ce a ba da rabin kuɗi. Dakta, mu fasa ke nan?

Likitar haƙori:
Kada ku ba da ko sisi tukuna. Wataƙila sai ranar aiki suka yi niyyar yi, amma ba a yanke kuɗin dashe kafin a ga ƙashi. Tun da a Kano kuke, ki kai ta sashen haƙori na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano a duba dasashin, ki tafi da sakamakon gwajin da magungunan da take sha. Haƙorin da ke cikin kofin ma ki ɗauka, sau da yawa gefen da ke cin harshe ake ragewa ta samu abin tauna kafin a yanke shawarar sauran.

Autar Hajiya:
To Dakta. Gobe in sha Allahu za mu fara da gwajin jinin, zan dawo in gaya muku abin da ya nuna.