Jama'a ya kuke yi da zafin bazarar nan?

Ɗan Ƙofar Marusa:
Salam jama'a, don Allah mi kuke yi ne kuke samun barci? Ɗakina kwano ne ba silin, tun ƙarfe 11 na safe ya zama tanderu, jiya wayata ta nuna 42 kuma aka ɗauke wuta tun la'asar, fankar caji ma iskar zafi take hurowa. Yaran duk ƙuraje sun feso musu a wuya.

Maman Ikram:
Wa alaikumus salam. Mu dai tsakar gida muke kwana, bayan magariba na yayyafa ruwa a ƙasa ya sha iska sannan mu shimfiɗa tabarma, sai dai a ɗaura gidan sauro. Yaran a yi musu wanka sau 2 ko 3, kuma don Allah kar a cunkushe su ɗaki ɗaya a rufe taga, lokacin sanƙarau ne.

Baban Daura:
Malam nemi randa! Ka ɗora ta kan jiƙaƙƙen yashi a inuwa ka lulluɓe da jiƙaƙƙen buhu, ƙasar tana tsattsafo ne iska na busarwa shi ya sa ruwan ke sanyi, ni na daina sayen ƙanƙara ma, da ka kawo gida rabi ya narke a leda.

Ɗan Ƙofar Marusa:
Baba randar Hajiyarmu na nan bayan ɗaki, bari in wanko ta. Hadari fa?

Baban Daura:
Hhhh Afrilu muke, sai ƙarshen Mayu ko Yuni in Allah ya kai mu.