Gudun da na fara don nishaɗi ya zame mini aikin dole

Mai neman shawara: Assalamu alaikum 'yan'uwa. A taimaka a ɓoye sunana. Ni magidanci ne a Kano, na haura shekara arba'in, ina da shago a kasuwa. Don rage tumbi na fara gudun safe, har abin ya shiga raina na ƙudurta shiga gudun fanfalaki na Legas da ake yi a watan Fabrairu, mai kilomita 42. Yanzu kullum da an idar da sallar asuba nake fita, idona na kan agogo, so nake in fi jiya sauri. Gwiwa ta fara ciwo, a shago sai gyangyaɗi, uwargida kuma ta ce ta manta rabona da karyawa tare da yara. Babban abin da ke damuna, daɗin gudun ya tafi. In bari ne, ko da dabara?

Wani tsohon ɗan tsere: Wa alaikumus salam. Ƙanena, ba gudun ne ya gundure ka ba, kai ne ka mayar da kowace safiya ranar gasa. Jiki ba a kan titi yake ƙara ƙarfi ba, sai lokacin hutu da barci yake gyara abin da atisaye ya taɓa. In ba ka ba shi wannan damar ba, gajiyar jiya ce za ka ɗora wa ta yau.

Dubi Eliud Kipchoge na Kenya, wanda ya gama kilomita 42 cikin ƙasa da awa biyu a Vienna a 2019. Mafi yawan atisayensa a sansanin Kaptagat gudu ne na a hankali, kuma ƙarshen mako gida yake komawa wurin iyalinsa a Eldoret. Mutumin da gudu ne sana'arsa ke nan, balle kai da kasuwa ke jiranka. A cikin fita biyar, huɗu su zama waɗanda za ka iya hira da na kusa da kai ba tare da haki ya tsinke maka magana ba. Ɗaya kaɗai za ka matsa. Kwana huɗu a mako ya ishe ka.

Wata ma'aikaciyar jinya: Yaya, gwiwar nan ce ta tsaya mini a rai. In tana kumbura, ko tana sa ka ɗingishi, ka dakata ka ga likita, a auna har da hawan jini. Don Allah kar ka riƙa shan diclofenac ko ibuprofen ka fita, suna rufe ciwon ne kawai, kuma in sun haɗu da ƙarancin ruwa a jiki suna iya taɓa ƙoda. In lafiya ka fito nema, Hukumar Lafiya ta Duniya minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki ta ce a mako. Barci kuma kada ya gaza awa 7.

Wani matashi: Baba ka daure kawai, kowa da haka ya fara. Wanda ya kama hutawa ai ya bari ke nan.

Wani tsohon ɗan tsere: Ɗana, gwiwar ɗan ashirin ke gare ka, shi ya sa. Na kuma manta ban ce ba: shi a sanyin hunturun Kano yake atisaye, iska a bushe, Legas kuwa zafi ne mai ɗanshi, gumi ba ya bushewa, jiki ba ya saurin hucewa. Gasar tana da rukunin kilomita 10. Ya fara da shi bana, babban ya jira wata shekarar.

Wata uwar 'ya'ya: Malam, ni bayan uwargida nake. Ba gudun ta tsana ba, ganin ta yi ita ke tashin yara, ita ke shirin makaranta, kai kuma ka dawo a gajiye ka wuce kasuwa. Ku zauna ku tsayar da ranakun fita, ta san da su. Ranar da ba ka fita, kai za ka kai yara makaranta, da ƙafa ma in babu nisa.

Mai neman shawara: Na gode, Allah ya saka da alheri. Gwiwar zan fara kaiwa a duba. Amma Baba, agogon nan fa? In ban ga lokacina ba sai in ji kamar ban yi komai ba.

Wani tsohon ɗan tsere: Ka ɗaura shi ranar da za ka matsa kaɗai. Sauran ranakun ka bar shi a gida, ka nemi abokin fita wanda ya fi ka nauyin ƙafa kuma ya fi ka surutu.