Tsohon wajen fasa dutse a bayan garinmu, zai yi in kai ɗalibai?

Malamin Sakandare:
Salam jama'a. Ina koyar da jogirafi a wata makaranta ta wajen Yamaltu Deba, jihar Gombe, akwai wani wajen fasa dutse da aka daina aiki tuntuni, an yanke gefen tsaunin ya tsaya kamar bango. Dutsen ja-ja ne, in ka murza da yatsa sai yashi ya riƙa zuba, kuma akwai layi-layi a jiki wasu a kwance wasu a karkace. Yarana na aji biyar sun haddace kashe-kashen duwatsu uku amma wallahi ko ɗaya ba su taɓa riƙewa da sani ba, abin na damuna. Don Allah masana me zan nuna musu a wurin?

Ɗan Tangale:
Wa alaikumus salam Malam, ai ka tsinci dami a kala. In dai yankin nan ne to da alama dutsen yashin Bima ne, sunan ma daga tsaunin Bima aka ɗauko shi. Yashi ne da koguna suka tara sama da shekara miliyan 100, lokacin da Afirka ke rabuwa da Kudancin Amurka ƙasa ta tsage aka samu kwarin Binuwai, yashi ya yi ta hawa kan yashi har nauyi ya danne shi ya zama dutse. Jan kuma ƙarfe ne a ciki ya yi tsatsa. Layukan nan na karkace su ne abin kallo, inda suka sunkuya can ruwan ya nufa, ka sa yara su tsaya su nuna da hannu ina kogin yake gangarawa, kogin da ba ɗan Adam ɗin da ya taɓa ganinsa. Su duba ƙwayar ma, inda tsakuwa take ƙasa yashi mai laushi a sama, ambaliya ce ta zo da ƙarfi ta lafa.
Ka tafi da ruwa a gora da guntun dutsen kwankare irin na gini, a ɗiga wa kowanne. Na yashin zai shanye ruwan, ɗayan kuwa ko a jikinsa, daga nan sai ka shigo da maganar burtsatse da inda ruwan ƙasa ke kwanciya.

Maman Ɗalibai:
Malam ni dai roƙona kar ka kai su da damina. Ramukan nan cika suke da ruwa kuma ba a gane zurfinsu, ga dutsen yashi yana ruftowa. Ka fara zuwa kai kaɗai ka duba, ka sanar da mai unguwa da iyaye, kar kowa ya tsaya gindin bangon.

Ba'agadashe:
Mu ma a Nijar cikin irin wannan dutsen aka haƙo ƙasusuwan dinaso (dabbobin zamanin da da suka ƙare) da ƙaton kada a Gadufawa, yankin Agadas, shekarunsu ma kusan ɗaya. Ku riƙa duba ƙasa, akan samu icce da ya zama dutse.

Malamin Sakandare:
Na gode ƙwarai, Hajiya na ji, sai bayan kaka in sha Allah. Ɗan Tangale, farar ƙasar da ake siminti da ita a Ashaka fa, tare suka samu?

Ɗan Tangale:
A'a ita daga baya ne, teku ce ta shigo ta rufe yankin, shi ya sa ake tsintar ƙwanson halittun teku a cikinta. In ka samu guntu ka haɗa da shi.